Tsohon Firji Ya Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Wuta Daga Bango Har Cikin Kwamfireso

Idan tsohon firji ya ƙi tashi, magana biyu aka fi ji: ko a ce gas ya ƙare, ko a ce kwamfireso ya ƙone sai an canja. Ta farkon ba ta da tushe. Kwamfireso injin lantarki ne, kuma muddin yana da lafiya kuma wuta ta isa gare shi yadda ya kamata zai juya, ko da gas a cikin bututu ko babu. Firjin da gas ɗinsa ya zube yana tashi har ya yini yana aiki, sanyi ne kawai ba ya yi. Ta biyun takan zama gaskiya, amma mita ce ke tabbatar da ita, ba kunne ba. A firjin da ya haura shekara hamsin, abin da ya fi mutuwa shi ne ƙananan kayan da ke waje: waya, tamostat (makunnin da ke daidaita sanyi), rile (mai tayar da injin) da obalod (mai yanke wuta in injin ya yi zafi). Shi kansa kwamfireson yana rufe cikin tukunyar ƙarfe, yana wanka da mai, ƙura da danshi ba sa kai masa, shi ya sa yakan fi duk sauran kayan daɗewa. Don haka dokar wannan aiki guda ce: kada a yanka bututu, kada a kusantar da wutar walda, har sai an gama bin layin lantarki daga soket zuwa ƙusoshi ukun da ke jikin tukunyar.

Fara da sanin abin da ke gabanka

Nemi ɗan allon ƙarfen da kamfani ya maƙala, galibi a baya ko a ƙasa kusa da kwamfireso. Goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ka ɗauki hotonsa. Abu huɗu kake nema: ƙarfin wutar da yake ci, yawan bugun wutar, amfiyar da yake ja, da irin gas ɗin da ke ciki.

Wutar Najeriya volt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Nijar ma 220 ce mai bugu 50. Firjin da aka ƙera don Ingila ko sauran ƙasashen Turai ya dace da wannan. Wanda aka ƙera don Amurka kuwa, irin su tsofaffin General Electric, Frigidaire, Westinghouse da yawancin Kelvinator na can, na volt 110 zuwa 115 ne mai bugu 60. In aka jona shi kai tsaye a soket ɗinmu, cikin daƙiƙu kaɗan naɗin wayarsa zai toye. Yana buƙatar taransifoma mai rage wuta, kuma ba ƙarama ba, domin a lokacin tashi injin yana jan ninki biyar ko shida na amfiyar da aka rubuta a allon. Taransifomar da ƙarfinta bai kai VA (volt-amfiya) 1000 ba sau da yawa ita ce ke hana irin wannan firji tashi, a yi ta zargin kwamfireso. Sannan injin da aka yi don bugu 60 yana gudu a kashi biyar cikin shida na saurinsa idan ya hau bugu 50, kuma yakan ɗau zafi. Ba shi volt 100 zuwa 105 ya fi masa sauƙi a kan 120.

Batun gas kuwa batun rai ne. Daga wajajen ƙarshen shekarun 1930 har farkon shekarun 1990, yawancin firjin gida R-12 suke amfani da shi. Ba ya kama wuta, amma idan ya haɗu da harshen wuta yana rikiɗa ya zama iska mai guba. Waɗanda suka girme wannan sun fi haɗari. Firjin General Electric mai injin a kai, wanda ake kira Monitor Top, da ya fito a 1927, samfurinsa na DR da CK suna ɗauke da sulphur dioxide, gas mai warin ashanar da aka ƙyasta, mai shaƙe numfashi da ƙona ido. Samfurin CA kuma methyl formate ne a cikinsa, wanda ke da guba kuma yana kama wuta. Idan allon ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a yi aikin a fili ko a rumfa mai iska, kada a lanƙwasa ko da bututu ɗaya, kada kuma a kwantar da firjin a gefensa.

Akwai kuma wanda ba shi da kwamfireso sam. Idan ka leƙa baya ka ga baƙaƙen bututun ƙarfe masu kauri da wani dogon bututu a naɗe da abin tsare zafi, babu tukunya, to firjin ammoniya ne irin na Electrolux. Nasa bayani yana ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna volt da ohm, mitar matsewa mai auna amfiya ba tare da an yanka waya ba, sukudireba mai roba a mariƙi, filaya, samfefa mai laushi, salatif na lantarki, guntayen waya masu bakin kada, da megga, wato mitar gwada yoyon wuta, idan za a samu aro. Testa mai ɗan ƙwai ba ta wadatar ba. Tana nuna akwai wuta, ba ta faɗin nawa ce, kuma a wannan aiki adadin shi ne komai.

Kada ka jona shi tukuna

Firjin da ya shekara da shekaru a ajiye ba a gwada shi da soket. Idan an ɗauko shi a kwance ko a karkace, tsayar da shi awa 24 mai ya koma gindin tukunya. A wannan lokacin sai ka duba waya.

Wayoyin da aka sa kafin shekarun 1960 robar asali ce da zare a kanta. Tana bushewa, ka taɓa ta ta marmashe ta bar jan ƙarfen tsirara. Bi igiyar daga fulogi har inda ta shiga jikin firjin, ka ɗan lanƙwasa ta kowane taƙi. In ka ji tana ƙas-ƙas ko ka ga tsaga, canja ta gaba ɗaya, kada ka liƙe da salatif. Inda ta ratsa ramin ƙarfe da inda ta kusanci tukunya nan ta fi lalacewa, sai kuma inda ɓera ya samu mafaka. Sa sabuwar igiya mai waya uku, kowace mai kaurin murabba'in milimita 1.5. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai wuta, baƙa nutural, koriya ta ƙasa. A na Amurka kuwa baƙa ce mai wuta, fara nutural. Wannan bambanci ya isa ya ruɗa mutum, don haka kafin ka cire kowace waya ka ɗauki hoto, ka liƙa mata lamba.

Yawancin tsofaffin nan ba su zo da wayar ƙasa ba. Ƙara musu. Kankare fenti a wani wuri a jikin firam ɗin da kwamfireso ke zaune, ka ɗaure wayar da noti, sannan ka auna da mita daga doguwar ƙusar fulogi zuwa jikin firjin: ya kamata ka ga ƙasa da ohm ɗaya.

Sai gwajin da ke raba firjin da za a ci gaba da shi da wanda zai iya kashe mutum. Fulogi a cire, tamostat a kunne, sa mita a ma'aunin ohm mafi girma, ɗora tsinke ɗaya a ƙusar wuta ta fulogi, ɗayan a ƙarfen firjin inda babu fenti. Bai kamata mita ta nuna komai ba. Idan da megga, ita ta fi gaskiya, domin tana tura volt 250 ko 500 ta tona yoyon da ƙaramar mita ba ta gani. Abin da ya haura megohm biyu, wato ohm miliyan biyu, ana iya aiki da shi. Idan ya gaza ɗaya, cire wayoyin kwamfireso ka sake aunawa, don ka gane ko yoyon daga tukunyar yake ko daga wayar da ta bi cikin bango zuwa fitila da tamostat. Sau da yawa ta cikin bangon ce, danshi ya jiƙa ta.

Idan Monitor Top ne na DR ko CA, akwai ɗan hita mai wat 12 zuwa 15 a gindin injin, aikinsa ya ɗumama mai ya kori gas ɗin da ya narke a ciki. Makunni a kashe, auna tsakanin ƙusoshin fulogi biyu: lafiyayyen hita zai nuna wajen ohm 900 zuwa 1,100. Bar firjin a jone, makunni a kashe, na yini guda da kwana kafin ka tayar da shi. In ba haka ba zai tashi da ƙwanƙwasa, ko ya ƙi tashi.

Wutar bango

Auna soket ɗin da kansa, sannan ka sake aunawa yayin da wani abu mai cin wuta yake aiki a layin, kamar dutsen guga. Soket mai sakakkiyar waya yakan nuna 225 in babu kaya, a jona masa dutsen guga ya faɗo 180. Kwamfireso na volt 220 yana fara wahalar tashi idan wuta ta sauka ƙasa da 190 ko kusa da haka, tsoho kuma ya fi sabo jin wannan. Doguwar wayar ƙari mai siririn jan ƙarfe ma tana cinye volt masu yawa. Ƙaramin janareto da bai kai VA 1000 ba zai iya riƙe firji idan ya riga ya tashi, amma bugun farkon nan yakan durƙusar da shi. Kafin ka zargi komai a jikin firjin, gwada shi a soket mai ƙarfi, kai tsaye. Duba kuma fiyus ɗin da ke cikin fulogi mai ƙusa uku.

Yanzu matsa mitar amfiya a waya ɗaya tak, mai wuta ko nutural, ba igiyar duka ba. Jona, hannunka a kan makunnin soket, ka kasa kunne. Ɗaya daga cikin uku za ka samu. Ko dai shiru, mita ba ta motsa ba. Ko gurnani na daƙiƙa uku zuwa goma, sai ƙas, sai shiru, bayan minti ɗaya ko biyu a sake. Ko kuma fiyus ya tsinke nan take. Na ukun alama ce wayoyi sun haɗe da juna ko da jikin ƙarfe, koma kan gwajin da ya gabata. Sauran biyun kowanne da hanyarsa.

Idan shiru ne

Shiru yana nufin wuta ba ta kai ga kwamfireso ba, wani abu ya katse a hanya. Buɗe ƙofa. Idan fitilar ciki ta kama, igiya da fulogi lafiya suke.

Wanda ake fara tuhuma shi ne tamostat. Makunni ne da ke da siririn bututu mai ɗan gas a ciki, bakinsa a maƙale jikin gidan ƙanƙara. In wurin ya yi ɗumi gas ɗin ya kumbura ya haɗa bakin makunni, in ya yi sanyi ya saki. Idan bututun ya tsage gas ya fita, tamostat zai zauna a buɗe har abada, kamar firjin ya riga ya yi sanyi. Cire fulogi, zare wayoyi biyun tamostat, murɗa shi zuwa mafi sanyi, ka auna tsakanin ƙafafunsa. Lafiyayye zai nuna kusan sifili. In bai nuna ba, haɗa wayoyin biyu da juna, ka naɗe da salatif, ka jona. Kwamfireso ya tashi, ka kama ɓarawonka. Wani lokaci tsatsa ce kawai a bakin makunnin: zura siririn samfefa mai laushi sau uku ko huɗu, ka bi da farar takarda don share garin. Idan bututun ne ya mutu, sai sabon tamostat na firji mai ƙofa ɗaya, a kwantar da bakinsa daidai inda tsohon yake. Haɗa wayoyin nan gwaji ne kawai. Firjin da aka bari haka ba ya hutawa, kuma tsohon inji ba ya jure wannan.

Firjin shekarun 1960 zuwa sama da ke narkar da ƙanƙararsa da kansa yana da agogon narkarwa, wani ɗan akwati mai ƙafa huɗu a ƙasa ko a baya. Idan ya maƙale a lokacin narkarwa, kwamfireso ba zai samu wuta ba. Akwai ɗan gurbi a jikinsa: sa sukudireba ka juya a hankali ta hannun agogo har ka ji ƙas. In firjin ya tashi, agogon ne ya tsaya.

Na ƙarshe a wannan layi shi ne obalod, ɗan faifan nan baƙi mai kama da murfin kwalba da ke manne jikin tukunya. A cikinsa akwai ƙarfe mai lanƙwashewa idan ya ji zafi, shi ke yanke wuta kafin naɗin waya ya ƙone. In yana da sanyi ya kamata ya nuna ƙasa da ohm ɗaya ko biyu. Idan a buɗe yake, a canja shi da wanda ya yi daidai da dokin kwamfireson, wato ma'aunin ƙarfinsa. Kada a taɓa tsallake shi a bar firji yana aiki. Mutane suna yin haka don ƙas-ƙas ɗin ta daina, alhali ita ce ke nuna cewa kariyar tana aiki.

Idan gurnani ne da ƙas

A nan aikin yake. Wuta ta isa, injin yana son juyawa ya kasa, yana jan amfiya biyar zuwa goma, obalod ya yi zafi ya yanke. Kada ka bar shi yana maimaita wannan. Kowane zagaye yana gasa naɗin waya. Kashe soket.

A cikin tukunyar naɗin waya biyu ne. Na gudu, wanda ke aiki duk lokacin da firji ke kunne, da na tayarwa, wanda ake ba wuta na kamar daƙiƙa ɗaya don ya ba injin turin farko, sannan a cire shi. Kamar turin mota ne: da ta kama, masu turi su janye hannu. Aikin rile ke nan, ya sa naɗin tayarwa ya kuma cire shi a kan lokaci. In bai sa shi ba, injin zai yi ta gurnani a tsaye. In ya sa bai cire ba, injin zai tashi, amma cikin daƙiƙu kaɗan obalod ya yanke, domin wayar tayarwa siririya ce, ba a yi ta don dogon aiki ba.

Cire fulogi, buɗe murfin da ke gefen tukunya, zare rile da obalod. Idan akwai kafasita, wato ɗan gwangwanin nan mai tara caji, sauke cajinta tukuna ta hanyar haɗa ƙafafunta da ƙwan fitila mai zare. Za ka ga ƙusoshi uku: C ta tarayya, R ta gudu, S ta tayarwa. A tsofaffi rubutun ya goge, kuma jerinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka da mita ake gane su. Kankare tsatsar kowace ƙusa a hankali, kada ka girgiza ta, domin gindinta shi ne toshiyar da ke riƙe gas. Sa musu lamba 1, 2, 3, ka auna bibbiyu. A ce ka samu ohm 14 tsakanin 1 da 2, ohm 25 tsakanin 1 da 3, ohm 39 tsakanin 2 da 3. Biyun da suka ba da adadi mafi girma su ne R da S, wadda ta rage, wato ta 1, ita ce C. Daga C, mai ƙaramin adadi ita ce R, mai babba S. Lissafin da ake so shi ne ƙananan biyu su haɗu su ba da babban: 14 da 25, 39. Injin volt 115 adadinsa ƙanana ne sosai, na gudu yakan kasance ohm biyu zuwa biyar, don haka ka fara haɗa tsinkayen mitar da juna ka ga nasu adadin, ka debe shi.

Idan wani ma'auni bai nuna komai ba, naɗin ya tsinke. Idan wani ya nuna sifili, ya narke ya haɗe. Idan wata ƙusa ta nuna hanya zuwa jikin tukunya, wuta na zuba a ƙarfe. A waɗannan ukun kwamfireso ya mutu da gaske. Idan kuwa lissafi ya fita daidai, akwai kyakkyawan zato, sai a juya kan rile.

Rile iri uku za ka tarar. Mafi yawa a tsofaffi shi ne mai maganaɗisu: 'yar kaurarar waya a naɗe, da ɗan ƙarfe a ciki da ke tsalle sama idan amfiya ta yi yawa, ya faɗo da nauyinsa idan inji ya kama gudu. Saboda haka dole ya zauna a tsaye, kuma galibi akwai kibiya ko rubutu mai nuna sama. Wanda aka mayar a kife ba zai yi aiki ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsaye, tsakanin ƙafar wuta da ramin S babu hanya, ka kifa shi, ka ji ɗan ƙarfen ya faɗa, mita ta nuna kusan sifili. In bai faɗa ba, datti ko gidan kyankyaso ya riƙe shi. In ya faɗa amma mita ba ta nuna ba, bakinsa ya ƙone.

Na biyu shi ne mai zaren zafi, wanda ake samu a firjin Amurka na shekarun 1940 da 1950. Wata siririyar waya ce a miƙe, tana ɗumi ta saki, sakin nan ya buɗe bakin tayarwa, in zafin ya yi yawa ya buɗe na gudu ma. Wato rile ne da obalod a haɗe. Goge bakunansa kawai, kada ka taɓa sukurorin da ke ɗaure zaren, an saita su ne tun daga kamfani. Idan za ka maye gurbinsa da wani iri, dole ka ƙara obalod daban, in ba haka ba injin ya zauna babu kariya.

Na uku shi ne na zamani da ake kira PTC, wanda wataƙila wani mai gyara ya taɓa sawa. Ɗan faifai ne a cikin baƙar roba. Girgiza shi kusa da kunne: in ka ji kamar tsakuwa, ya farfashe. Lafiyayye na volt 220 yakan nuna ohm 12 zuwa 33 in yana da sanyi, na volt 115 kuma wajen ohm biyar. Yana da arha kuma ana samunsa ko'ina, amma yana yanke wutar tayarwa ne bisa zafin kansa, ba bisa gudun inji ba, kuma tsohon inji mai nauyi wani lokaci bai gama kamawa ba ya yanke. Idan ana samun mai maganaɗisu daidai da dokin kwamfireson, kashi ɗaya cikin takwas, cikin shida ko cikin biyar na doki, shi ya fi dacewa.

Wasu suna da kafasitar tayarwa. Wadda ta kumbura, ta tsage ko take yoyo ta gama. A canja ta da mai adadin mikrofarad iri ɗaya, volt ɗinta daidai ko sama. Tsofaffin kafasitoci na gwangwani masu mai da aka yi kafin 1979 suna iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba, kada man ya taɓa fata, kada a ƙona su.

Tayarwa da hannu

Wannan gwaji shi ke yanke hukunci, kuma akwai wuta tsirara a cikinsa. Wanda bai saba aikin lantarki ba ya kira wanda ya saba. Tsaya a busasshen wuri da takalmin roba, kuma kada ka tsaya daidai gaban ƙusoshin.

Haɗa igiyar gwaji mai fiyus. Waya ɗaya ta bi ta obalod zuwa C, ɗayar zuwa R. Tsakanin R da S sa maɓallin dannawa mai komawa da kansa, irin mai ɗaukar amfiya goma. Matsa mitar amfiya a wayar C. Danna maɓallin, kunna soket, ƙirga ɗaya, saki. Lafiyayyen inji zai yi ɗan tsalle ya kama, amfiya ta faɗo daga sama zuwa kusa da abin da ke allon, galibi 0.7 zuwa 1.5 a injin volt 220. In haka ta faru, kwamfireso ba shi da laifi, rile kawai za ka saya. Idan ya kama amma amfiya ta tsaya ninki biyu na abin da aka rubuta, tukunya kuma tana zafi da sauri, wasu zagayen naɗin sun haɗe a ciki, abin da ma'aunin ohm ba koyaushe yake nunawa ba.

Idan daƙiƙa uku suka wuce yana gurnani, kashe. Injin ya maƙale, galibi saboda mai ya daskare ko fistin ya kama bayan dogon zama. Akwai dabaru, a bi su daga mai sauƙi. Ɗumama gindin tukunyar na awa biyu ko uku da ƙwan fitila mai zare na wat 100 a kusa da ita, ko a bar bayan firjin a rana. Ban da harshen wuta. Sai a sake gwadawa, wani yana bubbuga gefen tukunyar da gudumar roba ko guntun katako daidai lokacin da aka kunna, nesa da ƙusoshi da bututu. In bai yi ba, sa kafasitar tayarwa a layin maɓallin, mikrofarad 40 zuwa 80 mai volt 330 ga injin 220, ta ƙara masa ƙarfin turi. Tsakanin kowane gwaji a huta minti goma. Bayan gwaji huɗu ko biyar babu motsi, a haƙura, ci gaba ƙona naɗin kawai zai yi.

Bayan ya tashi

Kada ka mayar da murfi ka tafi. Cikin minti biyar siririn bututun da ke fita daga tukunya ya kamata ya yi zafi, ragar baya ta fara ɗumi daga sama zuwa ƙasa. Cikin minti 20 zuwa 30 gidan ƙanƙara ya fara fari. Share ragar da burushi, domin ƙurar hunturu da ta liƙe mata tana sa inji zafi har obalod ya riƙa yankewa, kuma a bar tazarar santimita goma tsakaninta da bango. Bar shi ya yi aiki har tamostat ya kashe shi da kansa ya sake kunnawa. Ma'aunin zafi a tsakiyar firjin ya nuna digiri 3 zuwa 5.

Sannan gwada sake tashi. Kashe shi, jira minti goma, kunna. Jiran nan wajibi ne kullum, domin matsin gas sai ya daidaita kafin inji ya iya turawa, shi ya sa sitabilaiza mai jinkiri take da amfani inda ake yawan ɗauke wuta ana kawowa. Idan yana tashi lafiya da safe bayan ya kwana a kashe, amma ya ƙi sake tashi ko bayan rabin awa, kuma sanyin bai kai ba, to siririn bututun gas ya toshe, matsi ba ya sauka. A nan ne kawai maganar buɗe bututu take tasowa. Mai yin aikin ya san cewa injin R-12 man ma'adini ne a cikinsa, kuma R-134a ba ya gauraya da wannan mai. Ɗura shi kai tsaye yana barin mai ya maƙale a bututu, inji ya bushe. Na sulphur dioxide da methyl formate kuwa ba aikin shagon gyaran firji na yau da kullum ba ne.

Duba ƙofa kuma. Tsofaffin nan suna da sakata mai kullewa daga waje, yaro ya shiga wasan ɓuya ba zai iya turowa ba, iska kuma ba ta shiga. Mutuwar yara ta wannan hanya ce ta sa Amurka ta kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki. Idan firjin zai zauna inda yara ke kai-kawo, a sa masa kwaɗo. Idan an fasa gyaran za a ajiye shi, a cire ƙofar gaba ɗaya.

Firjin da ba shi da kwamfireso

Wannan tsari ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, kuma irinsa mai kananzir ya daɗe yana riƙe allurar rigakafi a asibitocin karkara. Ba ya yin ƙara ko yana lafiya, don haka shirunsa ba alamar komai ba ce. Zafi ke tafiyar da shi, daga lagwani, gas ko hitar lantarki. Taɓa dogon bututun baya bayan awa ɗaya: in da sanyi, hitar ce ko tamostat. Hita mai wat 125 a volt 230 za ta nuna wajen ohm 420. Na kananzir kuma a gyara lagwani har harshen ya zama shuɗi, a share baƙin hayaƙin da ke cikin bututun. Dole ya zauna daidai ba karkata, a gwada da ma'aunin magina ta gaba da ta gefe, kuma a ba shi awa shida zuwa takwas kafin a ce bai yi sanyi ba. Wanda ya daɗe a ajiye, a kashe shi ya huce, a kifa shi a ka na wasu awoyi, a mayar a tsaye ya kwana, sannan a kunna. Wannan yakan sa ruwan cikin ya koma inda ya kamata. Idan ka ji warin ammoniya ko ka ga garin rawaya a jikin bututun, ya fashe. Garin nan guba ne, kada a taɓa shi da hannu, kuma bututun yana ƙarƙashin matsi mai yawa, ba a yi masa walda, ba a huda shi.